Tsoron Mutum da Neman Yabon Mutane

Ma'anarsa

Tsoron mutum shi ne halin da ke sa mutum ya bar abin da ya san daidai ne, ko ya aikata abin da ya san ba daidai ba ne, domin kada mutane su ƙi shi, ko kuwa domin su yabe shi. Ba tsoron ɗan fashi ko mai makami ake nufi a nan ba. Tsoron bakin mutane ake nufi. A rayuwarmu ta yau da kullum yakan fito ta wannan tambaya: “Me mutane za su ce?” Hausa tana da sunaye da yawa ga 'ya'yan wannan hali: ganin ido, riya, fuska biyu, neman suna, rayuwar ƙarya. Kishiyarsa ita ce sahihanci, wato mutum ya zama mutum ɗaya a ɓoye da a fili, abin da ke zuciyarsa shi ne a bakinsa, abin da ke bakinsa kuma shi ne a aikinsa.

Karin Magana 29:25 ta kamanta tsoron mutum da tarko, ta kuma nuna cewa mafita tana cikin dogara ga Ubangiji. Duk wanda ya taɓa ɗana wa tsuntsu tarko ya san ba a barinsa haka kawai, sai an zuba tsaba. Tsabar wannan tarko ita ce yabo da karɓuwa. Mutum yakan shiga da ƙafarsa yana murna, sai ranar da ya so ya faɗi gaskiya ya tarar an riga an ɗaure shi.

Kalmomin Sabon Alkawari

Akwai kalmomi uku na Helenanci da ke taimaka mana. Ta farko ita ce hupokrites, wadda ake fassarawa munafuki. A ƙasar Girka ta dā, sunan ɗan wasan kwaikwayo ke nan, wanda ke rufe fuskarsa ya hau dandali ya zama wani mutum dabam domin 'yan kallo. Da wannan kalma Yesu ya kira masu yin sadaka da addu'a da azumi domin a gan su (Matiyu 6:1-18). Ya ce irin waɗannan sun riga sun karɓi ladansu. Yabon mutane suka nema, sun samu, ba sauran bashi tsakaninsu da Allah.

Ta biyu ita ce anthropareskos, mai neman faranta wa mutane rai. Ta uku kuma ophthalmodouleia, wadda ma'anarta ita ce bautar ido, daidai da abin da muke kira aikin ganin ido. Manzo Bulus ya haɗa waɗannan biyu a Afisawa 6:6 da Kolosiyawa 3:22, inda yake gargaɗin bayi kada su yi aiki sai lokacin da maigida yake kallo.

Misalai daga Tsohon Alkawari

Haruna ya ga al'ajiban Allah a Masar da idonsa. Amma da Musa ya daɗe a kan Dutsen Sina'i, jama'a suka taru a kansa, sai ya karɓi zobban zinariyarsu ya ƙera musu ɗan maraƙi (Fitowa 32). Da Musa ya tuhume shi, ya ɗora laifin a kan jama'a, har ya yi magana kamar maraƙin da kansa ya fito daga wuta. Mutum wajen 3,000 suka mutu a ranar. Shugaban da ya kasa ce wa jama'a a'a bai ƙaunace su ba, ya jefa su cikin hallaka ne.

Sarki Saul shi ne babban misali. An umarce shi ya hallaka Amalekawa da dukiyarsu, amma ya bar Sarki Agag da rai, ya kuma bar kyawawan tumaki da shanu. Kafin Sama'ila ya iso, Saul ya riga ya kafa wa kansa dutsen tunawa a Karmel. Da aka matsa masa, ya amsa da bakinsa cewa tsoron jama'a ya ji, ya bi maganarsu (1 Sama'ila 15:24). Abin tausayi shi ne, ko bayan an faɗa masa Allah ya ƙi shi, roƙon da ya yi wa Sama'ila shi ne ya girmama shi a gaban dattawa da jama'a (aya 30). Sarauta tana kuɓuce masa, shi kuwa hankalinsa yana kan yadda za a gan shi.

Mikaiya ɗan Imla ya bi wata hanya dabam (1 Sarakuna 22). Annabawa wajen 400 sun gaya wa Ahab ya tafi yaƙi a Ramot-gileyad, zai yi nasara. Manzon da aka aika ya kira Mikaiya ya ba shi shawara a hanya cewa bakin annabawa ya zo ɗaya, shi ma ya faɗi irin tasu. Mikaiya ya rantse ba zai faɗi kome ba sai abin da Ubangiji ya faɗa masa. Aka mare shi, aka jefa shi kurkuku. Ahab ya tafi yaƙin, kibiya ta same shi, ya mutu da yamma. Yawan masu faɗin magana ba ya mai da ita gaskiya.

Misalai daga Sabon Alkawari

Hirudus ya san Yohanna Mai Baftisma adali ne, har yana jin daɗin sauraronsa. Duk da haka ya sa aka fille masa kai saboda rantsuwar da ya yi a gaban manyan baƙi a bikin ranar haihuwarsa (Markus 6:20-28). Ya gwammace ya zubar da jinin annabi da a ce sarki ya janye maganarsa.

Bilatus, wanda ya yi gwamnan Yahudiya daga wajen shekara ta 26 zuwa ta 36, ya faɗa sau uku cewa bai sami Yesu da laifi ba. Amma da taron ya yi masa barazana da sunan Kaisar, sai ya ba da Yesu a gicciye shi domin ya gamsar da su (Markus 15:15, Yohanna 19:12). Ya wanke hannunsa da ruwa, amma har yau duk inda ake furta Shaidar Bangaskiya ta Manzanni ana ambaton sunansa tare da shan wuyar Ubangiji.

Yohanna 12:42-43 ta ba da labarin shugabanni da yawa da suka gaskata da Yesu amma suka ɓoye, don kada a kore su daga majami'a. Yohanna ya faɗi dalilin a fili: yabon mutane ya fi musu yabon Allah daɗi.

Hananiya da Safiratu sun ga Barnaba ya sayar da gonarsa ya kawo kuɗin gaban manzanni. Su ma suka sayar da fili, suka ɓoye wani kashi, suka nuna kamar duka suka kawo (Ayyukan Manzanni 4:36-5:11). Bitrus ya bayyana cewa ba wanda ya tilasta musu. Filin nasu ne, kuɗin ma nasu ne. Da sun kawo rabi sun ce rabi ne, da ba laifi. Sunan Barnaba suke so ba tare da sadaukarwar Barnaba ba, wannan ƙarya ce ta kashe su.

Ko manzo Bitrus bai tsira ba. Ya yi musun Ubangijinsa a gaban wata baranya. Shekaru bayan haka, bayan Fentikos, bayan ya shiga gidan Karniliyus ya ga Ruhu Mai Tsarki ya sauko wa al'ummai, sai ga shi a Antakiya yana ci tare da masu bi na al'ummai. Da waɗansu suka zo daga wurin Yakubu, sai ya janye jiki saboda tsoron masu ra'ayin kaciya. Sauran Yahudawa suka bi shi, har da Barnaba (Galatiyawa 2:11-14). Koyarwar Bitrus ba ta canza ba, wurin zamansa a lokacin cin abinci ne kawai ya canza. Amma Bulus ya ga cewa gaskiyar bishara ce ake takewa, ya tsauta masa a gaban kowa. Darasi biyu ke nan: girma cikin bangaskiya ba ya hana wannan jaraba dawowa, kuma idan babba ya faɗa cikinta ba shi kaɗai yake faɗawa ba.

Me ya sa zunubi ne?

Da fari, yana sa mutum a mazaunin Allah. Wanda kake tsoron fushinsa fiye da kowa, wanda kuma kake marmarin yabonsa fiye da kowa, shi kake bauta wa. Shi ya sa Bulus ya ce a Galatiyawa 1:10 ba zai yiwu ya zama bawan Almasihu ba muddin yardar mutane yake nema. Yesu ma ya nuna a Yohanna 5:44 cewa neman girma daga juna yana toshe ƙofar bangaskiya.

Na biyu, bauta ce da ba ta da ranar 'yanci, gama ba mai iya wa ɗan Adam. Yohanna Mai Baftisma ya zo da azumi, aka ce yana da aljani. Yesu ya zo yana ci yana sha, aka ce masa maciyi da mashayi (Matiyu 11:18-19). A Listira jama'a sun ɗauki Bulus da Barnaba alloli, har suka kawo bijimai za su yi musu hadaya. Ba a daɗe ba aka zuga su suka jejjefi Bulus, suka ja shi bayan gari suna tsammani ya mutu (Ayyukan Manzanni 14:8-19). Wanda ya jingina ransa a kan bakin mutane ya jingina da iska.

Na uku, yana kashe ƙauna ta gaskiya. Mai neman yabo ba ya iya faɗa wa abokinsa gaskiya mai ɗaci, domin yana bukatar murmushin abokin fiye da lafiyar ransa. A waje yana kama da mai kirki, a ciki kuwa kansa yake yi wa hidima.

Bambancinsa da kunya da ladabi

A nan ya kamata mu yi hankali, domin mun taso cikin al'adar da ke daraja kunya, kara da girmama na gaba. Littafi Mai Tsarki bai rushe waɗannan ba. Ya umarce mu mu girmama iyaye (Fitowa 20:12), mu ba masu mulki girman da ya dace (Romawa 13:7). Ya ce suna mai kyau ya fi dukiya (Karin Magana 22:1), ya kuma bukaci shugaban ikilisiya ya kasance da kyakkyawar shaida ko a wurin waɗanda ba masu bi ba (1 Timoti 3:7). Bulus da kansa ya ce kowa ya faranta wa maƙwabcinsa rai domin a gina shi (Romawa 15:2), ya kuma bi al'adun mutane dabam dabam domin ya ribato su (1 Korintiyawa 9:19-23).

To, ina iyakar take? Labarin Timoti da Titus ya nuna ta. Bulus ya yi wa Timoti kaciya domin kada ya zama sanadin tuntuɓe ga Yahudawan da za su yi wa wa'azi (Ayyukan Manzanni 16:3). Amma a Urushalima bai yarda a tilasta wa Titus kaciya ba, domin waɗansu suna so su mai da ita sharaɗin ceto (Galatiyawa 2:3-5). Aiki iri ɗaya ne, amma a wuri na farko ƙauna ce ta sa shi ya sassauta, a wuri na biyu kuwa da ya sassauta da ya sayar da bishara. Saboda haka tambayoyin da za ka yi wa kanka su ne: wannan sassauci da nake yi, don amfanin ɗan'uwana ne ko don tsare sunana? Haƙƙina nake bari, ko gaskiyar Allah? Kana da iko ka bar haƙƙinka, amma gaskiya ba taka ba ce balle ka yi kyauta da ita. Kunyar da ke hana yaro yi wa babba rashin ladabi abin yabo ce. Kunyar da ke sa dattijon ikilisiya ya yi shiru alhali ana cin dukiyar marayu, tsoron mutum ce ta sa rigar kunya.

Ba bin son zuciya ba ne

Akwai wata koyarwa da ta yaɗu tsakanin matasa ta finafinai da intanet, mai cewa ka bi zuciyarka, kada ka kula da kowa. Wannan ba maganin cutar ba ne, canjin ubangida ne kawai. Irmiya 17:9 ta ce zuciya mayaudariya ce fiye da kome. Yesu ya ce daga cikinta mugayen tunani suke fitowa (Markus 7:21-23). Littafin Mahukunta ya ƙare da bayanin zamanin da kowa yake yin abin da ya ga dama, zamanin nan kuwa yana cikin mafi muni a tarihin Isra'ila. Wanda ya ce, “Haka nake, ba mai canza ni,” yana zagin mutane da sunan faɗin gaskiya, taurin kai ne ke damunsa. Mai hikima yana jin shawara (Karin Magana 12:15).

Ainihin mai bi shi ne sabon mutum da Allah ya halitta cikin Almasihu (2 Korintiyawa 5:17, Afisawa 2:10). Riƙe gaskiyar kanka, a wurin Kirista, shi ne ka yi rayuwa daidai da wannan sabon mutum, da baiwar da Allah ya ba ka, a matsayin da ya sa ka. Dawuda ya gwada kayan yaƙin Saul, ya ga bai saba da su ba, ya tuɓe su ya ɗauki majajjawarsa da duwatsu biyar (1 Sama'ila 17:38-40). Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara. Da Bitrus ya tambayi Yesu abin da zai faru da Yohanna, Yesu ya nuna masa ba ruwansa da wannan, nasa shi ne ya bi shi (Yohanna 21:21-22). Mai koyar da yara a makarantar Lahadi ba ya bukatar ya zama mai wa'azin taron farkawa kafin Allah ya karɓi hidimarsa.

Inda yake ɓuya a cikinmu a yau

A bukukuwa. Iyali su sayar da hatsin da za su ci da damina, ko su ci bashi mai ruwa, domin a ce aurensu ko jana'izarsu ta fi ta gidan wane. Baƙi su watse cikin yini ɗaya, amarya da ango su shekara suna biya. Waɗansu matasa ma sun jinkirta aure har suka faɗa cikin zunubi saboda ba su iya kuɗin bikin da mutane za su yaba ba.

A wurin bayarwa. Idan ana kiran suna da adadi a lasifika, akwai masu yin alkawarin abin da ba su da shi, akwai kuma matalautan da ke ƙin zuwa sujada ranar don kunya. Ya kamata shugabanni su tuna cewa wadda Yesu ya yaba a Haikali gwauruwa ce mai 'yan tagulla biyu (Markus 12:41-44).

A wurin aiki da makaranta. Ma'aikaci ya sa hannu a takardar ƙarya don kada a ce ya cika tsarki. Ɗalibi ya shiga satar amsa ko shaye-shaye don kada abokai su ce masa bagidaje.

A kan ƙabila. Mai bi ya san ɗan'uwansa na wata ƙabila ya fi cancanta da zama dattijo ko shugabar zumuntar mata, amma ya zaɓi nasa don kada 'yan garinsu su ce ya ci amana. Wannan ita ce Antakiya tamu.

A kan mumbari. Fasto ya tsallake wani nassi domin wanda ya ba da kuɗin rufin ɗakin sujada yana zaune a gaba, ko ya horar da talaka a kan zunubin da ya rufe wa mai kuɗi ido. Bulus ya ce shi da abokan aikinsa ba su taɓa yin daɗin baki ko neman girma daga mutane ba (1 Tasalonikawa 2:4-6).

A waya. Facebook, TikTok da WhatsApp sun mai da yabo abin ƙirgawa. Mutum ya ari mota ya ɗauki hoto, ko ya ɗauki bidiyon kansa yana taimakon mabukaci. Abin da Yesu ya kira busa ƙaho, yau yana cikin aljihun kowa.

Hanyar 'yanci

Tushen maganin shi ne bishara. Mutum yana farautar yabo ne domin bai tabbata an karɓe shi ba. Amma wanda aka baratar ta wurin bangaskiya yana da salama da Allah (Romawa 5:1), ba kuma sauran hukunci a kansa (Romawa 8:1). Kafin Yesu ya yi wa'azi ko mu'ujiza ko ɗaya, Uba ya riga ya shaida a Kogin Urdun cewa yana jin daɗinsa (Markus 1:11). Da wannan tabbaci ya ƙi yin tsalle daga kan Haikali don a gani, ya guje wa taron da ya so naɗa shi sarki (Yohanna 6:15), bai kuma sauya koyarwarsa ba sa'ad da almajirai da yawa suka bar shi (Yohanna 6:66). Maƙiyansa ma sun shaida cewa ba ya duban fuskar mutum (Markus 12:14). Wanda ke cikin Almasihu ya shiga cikin wannan karɓuwa. Shi ya sa Bulus ya iya cewa shari'ar mutane a kansa ƙaramin abu ce a gare shi, shi ma ba ya yanke wa kansa shari'a, Ubangiji ne alƙalinsa (1 Korintiyawa 4:3-4).

A shekara ta 1521 aka tsai da Martin Luta a birnin Worms na Jamus, a gaban sarkin daula Charles na Biyar, aka bukace shi ya janye rubuce-rubucensa. Ya nemi kwana ɗaya ya yi tunani, washegari ya ƙi janyewa, domin lamirinsa yana ɗaure da Maganar Allah. A lura, bai kafa hujja da son ransa ba, da Nassi ya kafa.

Ga waɗansu matakai da za su taimaka:

1. Ka kira abin da sunansa. Ka tambayi kanka wane ne kake tsoron ɓacin ransa har kake yin shiru ko ƙarya, ka furta wannan a gaban Allah a matsayin zunubi.

2. Ka saba da aikin ɓoye. Ka yi kyauta, azumi ko addu'ar da ba wanda zai sani sai Ubanka. Wannan horo yana yaye zuciya daga yabo.

3. Ka fara da ƙananan gaskiya. “Ba ni da shi.” “Ba zan iya zuwa ba.” “Ban sani ba.” Wanda bai iya waɗannan ba, ba zai iya tsayawa a ranar babban gwaji ba.

4. Ka auna suka da yabo da Maganar Allah. Idan sukar gaskiya ce, ka tuba ko da daga bakin maƙiyi ta fito. Idan ƙarya ce, ka bar wa Allah. Yesu ya yi kashedi ga wanda kowa da kowa ke yabonsa (Luka 6:26).

5. Ka sami 'yan'uwa biyu ko uku masu tsoron Allah da suka san ka ciki da waje, waɗanda za su iya yi maka abin da Bulus ya yi wa Bitrus.

6. Ka faɗi gaskiya cikin ƙauna da tawali'u (Afisawa 4:15, 1 Bitrus 3:15-16). Daniyel ya ƙi abincin sarki, amma da roƙo da ladabi ya yi.

Wannan hanya tana da tsada. Za a iya ce maka mai girman kai, za ka iya rasa abokai ko matsayi, waɗansu kuma da suka karɓi Almasihu sun rasa har danginsu. Wajibi ne ikilisiya ta zama iyali ga irin waɗannan. Amma ga wanda ya riga ya faɗi akwai bege. Bitrus da ya yi musu a gaban baranya shi ne ya tsaya a gaban majalisar Yahudawa ya ce biyayya ga Allah ce take gaba da biyayya ga mutane (Ayyukan Manzanni 5:29). Ranar tana zuwa da Ubangiji zai tone nufin kowace zuciya, a sa'an nan kowa zai sami yabonsa daga wurin Allah (1 Korintiyawa 4:5). Ubangiji ya ba mu alheri mu jira wannan yabo. Amin.